Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Tuwon da aka ce ban iya ba

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda aka kai ni ɗaki a Madani ta ƙasar Sudan, wasunku kuma sun matsa sai na faɗi abin da ya haɗa ni da Yaya Babba yayar mijina har muka yi shekaru gaisuwa kawai ke tsakaninmu. Toh garin gero ne ya haɗa mu, kuma har yau in na tuna raina sai ya sosu.

Kun san a hannun Iya na tashi a Mai Wurno, ita kuma mahaifinta yana cikin waɗanda suka biyo Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru zuwa Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, irin tsofaffin nan ne da ba a canza musu abin da suka taso a kai. Kullum maganarta ɗaya ce, "ƙwaya mai rai ce, gari gawa ne, gawa kuwa ba a ajiye ta." In za a yi tuwo gobe, yau da la'asar ake surfe a bakace a wanke a baza a tabarma ya bushe sarai, da safe a kai tahuna, wato injin niƙa, malwa ɗaya ko biyu (malwa ma'aunin hatsi ne irin mudu), iya abin da za a ci kawai. In na dawo da ƙwaryar a kaina ba ta barina in rufe, sai ta tura hannu cikin garin har wuyan hannu ta ji ɗuminsa, ta ce juye a tire ki baza, sai ya huce tukuna. Don garin da ya fito daga inji da zafinsa in ka ɗaure bakin buhu a kansa gumi yake yi, washegari ka same shi ya dunƙule, kafin ka ankara warin fumfuna ya tashi.

A 1986 aka kai ni gidan su Malam, babban gida ne tukunya ɗaya, makullin sito kuma yana hannun Yaya Babba yayarsa da aurenta ya mutu ta dawo gida. Ita lissafinta kuɗin karo, wato amalanken jaki, da kuɗin niƙa, don haka buhu guda ake ɗorawa a kai tahuna a niƙe shi gaba ɗaya, kuma ba surfe, da dusarsa, wai ya fi auki. A dawo da shi da zafinsa a jingine a bangon sito mai rufin kwano, gefen garwar kananzir da katan ɗin sabulu. Wanda ya san Madani a watan huɗu da biyar ya san zafi yana wuce 40, sito kuwa ya fi waje zafi. Makon farko tuwo lafiya lau, mako na biyu ka fara jin maƙaƙi a wuya, daga nan kuma ɗaci ne tsagwaronsa da wani hamami na tsohon mai, ko miyar kuɓewa busasshiya da sharmut, wato busasshen nama, ka zuba ba ta rufe shi.

Abin da ya sa ni kaɗai abin ya faɗa wa, sauran matan gidan kisra suke yi, wato siririyar gurasar Sudan ta garin dawa, ƙullin ya kwana ya yi tsami, tsamin nan yana ɓoye komai, ita dawa ma ba ta saurin juyawa kamar gero. Ni ce 'yar Mai Wurno, ni aka bar wa tuwon gero da kunu da fura. Ranar da baƙi suka zo daga Sinja, Hajja tsohuwar gidan ta kai loma ɗaya ta ajiye hannu ba ta ce komai ba, sai Yaya Babba ta ce a gaban kowa, "Hajja ki yi haƙuri, su can allo aka koya musu ba murhu ba." Na durƙusa na ce, "Yaya ba hannuna ba ne, garin ne ya tsufa." Ta ce, "Au gari ma tsufa yake yi? Toh amarya zo ki karɓi makullin tunda kin fi mu sani." Malam yana zaune kansa a ƙasa, wallahi ko tari bai yi ba, wannan shirun nasa ma wani kashi ne daban.

Sai bayan shekaru masu yawa babbar 'yata da ta yi karatun noma a Jami'ar Jazira ta zaunar da ni ta yi min bayani da harshen 'yan boko. Ta ce Umma a cikin kowace ƙwaya akwai ɗan idon da yake tsiro, a nan mai yake, gero kuma ya fi dawa da alkama mai, kusan kashi 5 cikin 100, muddin ƙwayar tana rufe man a killace yake, da an niƙa ya watsu cikin gari ya haɗu da iska sai ya fara lalacewa, zafi da danshi kuma su ƙara masa sauri. Shi ya sa garin gero da dusarsa a irin zafinmu da wuya ya wuce mako ɗaya zuwa kwana 10 bai juya ba, na dawa ya ɗan fi daɗewa, na alkama da aka niƙa gaba ɗaya ya yi wata ɗaya zuwa biyu in wurin da sanyi. Farar fulawar kamfani kuwa da take watanni ba abin da ya same ta, an cire mata dusa da idon ne, abin da zai lalace babu, amfanin ma rabinsa ya tafi. Na ce mata Iya ba ta taɓa taka ƙofar jami'a ba ta faɗi wannan tun ina goye, ƙwaya mai rai ce, gari gawa ne.

Kuma ai Yaya Babba ta ga yunwar 1984 da 85 da idonta, shekarar dawar agaji ta Amurka da mutane suka sa wa suna Regan. Waɗanda suka tsira da mutuncinsu a Gadarif masu matmura ne, ramin da ake haƙawa a wuri mai tudu a shimfiɗa ƙaiƙayi a zuba dawa a binne, Baffa ya buɗe tasa ya sami dawar shekarun baya, ta gefe ce kawai ta yi baƙi, ta tsakiya har makwabta sun ci. Wa ya taɓa jin an binne gari a matmura?

A watan 12 na 2023 da yaƙi ya shigo Madani muka fita zuwa Gadarif, kowa yana ɗibar abin da hannunsa ya kai. Matan unguwa gari suka ɗauka don ba su san inda za su sami tahuna ba, ban ga laifinsu ba, amma ni gero da dawa na ɗaure ƙwaya. A makarantar da aka sauke mu ba a jima ba garinsu ya yi ɗaci ƙwari suka shiga, suna tankaɗewa suna zubar da tsutsa yara suna ƙin ci, ni kuwa turmin aro na samu ina daka na yini ɗaya ɗaya, da shi na rufa wa jikokina asiri. Amma wannan sai mun zo wurin, na yi gaba da yawa.

Lokacin da Malam ya ware mana tukunyarmu ni na riƙe sitona yadda Iya ta koya min. Niƙan kwana uku ko huɗu, ya huce, a tankaɗe, a zuba a gwangwani mai murfi busasshe, a ɗora a kan benci nesa da bango da ƙasa, ba kusa da kananzir ko turaren wuta ba don gari yana shan warin duk abin da ke gefensa. Ban taɓa zuba sabo a kan ragowar tsoho ba, sai an juye an goge gwangwanin an shanya shi a rana. Da damina nakan rage niƙan ma. Da muka sami firij sai in ɗaure rara a leda biyu in sa a wurin ƙanƙara, yana watanni lafiya, sai dai in ka fito da shi kar ka kwance sai ya saki sanyin, in ba haka ba raɓa ta sauka a kai, ga wutar tamu da ba ta da alƙawari.

Hajja, Allah ya jiƙanta, ta gane gaskiya. Bayan mun ware kullum da magariba sai ta aiko ƙaramin jikanta da kwano a ɓoye cikin mayafi wai a sammata tuwon amarya, har ta rasu kunun da take buɗe baki da shi a azumi daga ɗakina yake fita. Yaya Babba tana ganin yaron yana wucewa ta gabanta, ba ta taɓa cewa ta yi min ba daidai ba, kuma ba ta daina niƙa buhu guda ba. Da ta kwanta ciwo ni na yi jinyarta, kunun geron da na daka da safe nake ba ta a cokali tana sha tana kallon bango. Na yafe mata don Allah, amma maganar allo da murhu a gaban mutanen Sinja ban manta ba, shi ya sa na rubuta ta yadda aka faɗe ta don 'ya'yanta da ke karantawa su ji daga bakina.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗi yadda aka yi Malam ya yarda muka ware, da rawar da Baffa ya taka.