Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Wani Ba Ya Ci Maka Ka Ƙoshi

A makon jiya na tsaya a inda na sauka tashar Funtuwa da akwatin kwano a ka. Niyyata yau in ba ku labarin aikin injin gurzar auduga, amma ɗan baffana ya aiko mini da saƙo, wai in har tarihin gaskiya nake rubutawa, kada in tsallake abin da ya faru a 1987. Ba zan tsallake ba, Yaya. Shekara talatin da ɗoriya kana yawo da maganar nan a gidajen biki da na makoki. Yau mai ita zai faɗa da bakinsa, ka huta.

Sai dai ba za a gane ta ba in ban fara da Iya ba.

Iya, mahaifiyar Baba, Bamagujiya ce ta asali, kuma duk yankinmu na ƙasar Malumfashi an san giyarta. Baba ne ɗanta na fari, shi ya sa har ta koma ba ta taɓa kama sunansa ba. Yana saurayi tabo ya fito masa a baya, aka kai shi Babbar Ruga, asibitin kutare da ke kusa da Katsina, wanda Turawan mishan na SIM suke riƙe da shi a lokacin. Ya dawo da yatsunsa goma cif, da karatun boko, da Littafi Mai Tsarki tsohuwar fassara ta 1932 a naɗe cikin tsumma. Ranar da ya ƙi cin naman yankan kan gida, wato tsafin gidansu, 'yan'uwansa suka fitar da shi daga gandu. Yarinyar da aka yi masa baiko da ita, aka ba wani. Mahaifin Yaya na cikin waɗanda suka yanke wannan hukunci, ko da yake daga baya shi ma ya bi Yesu. Baba ya biya kuɗin bangaskiyarsa da gona da mata, ba wanda ya yi masa ragi.

Fiye da shekara ashirin yana roƙon Iya ta zo majami'a. Amsarta ɗaya ce, tana juya tukunya ko kallonsa ba ta yi: "Ɗan nan, ka ci naka ka ƙoshi, na gani a jikinka. Amma wani ba ya ci maka ka ƙoshi. Ranar da na ji yunwar, da ƙafata zan zo."

Ni kuwa a ciki aka haife ni. Baba ya zama mai bishara a ƙarƙashin cocin ECWA, ɗakinmu jingine yake da bangon majami'a. Ni ke buga ƙarfen tayar motar da aka rataye a jikin darbejiya don kiran addu'ar safe. In 'yan ƙungiyar wa'azi ta Sabon Rai Don Kowa za su fita ƙauyuka da dare, ni ke riƙe musu fitila. A haddar aya ba yaron da ya taɓa kayar da ni. Matan Zumunta in sun gan ni sai su ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni kuma kaina ya ƙara girma.

A 1978, bayan girbi, mu goma sha ɗaya muka zauna gaban dattawan ikilisiya don tambayoyin baftisma. Wani yaro da ya fito daga gidan tsafi sun tsare shi kusan awa guda: yaushe ka tuba, me ka bari, in ubanka ya kore ka fa? Da aka zo kaina, babban dattijon ya yi dariya ya ce, "Wannan ai ɗan mai bishara ne, me za mu tambaye shi?" Shi ke nan. Ya rasu, na kuma yafe masa, amma har gobe ina cewa sun cuce ni. Suna ganin girmama Baba suke yi. Tambaya ɗaya tak da sun yi mini, da wataƙila na gane tun ranar cewa ayoyi ne cike da bakina, cikina kuwa wayam.

Mutum ɗaya ce ta tambaye ni. Na dawo daga rafi rigata a jiƙe, ana ta guɗa, Iya ta kira ni bakin murhu ta ce, "Maigidan, ka ci ne, ko ƙanshin na ubanka ka shaƙa?" Na fusata. A raina na ce mai dafa giya ce za ta koya mini addini? Kwana uku ban gaishe ta ba.

To, Maris ɗin 1987. Rikici ya tashi a Kafanchan, cikin 'yan kwanaki ya iso Zariya da Funtuwa. Lokacin duk muna jihar Kaduna ne, sai a Satumbar shekarar aka yanke jihar Katsina. Ina dawowa daga aiki, hayaƙi na tashi ta wajen majami'u, sai na yi kiciɓis da samari da sanduna a wata kwana. Ga ni da kaftani da hula, sunana irin wanda ake ji a masallaci ake ji a coci, Hausata ta fi ta wasunsu. Ɗaya ya dube ni ya ce, "Kai namu ne?"

Na ce, "Naku ne."

Ba wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya. Ko tsayawa ba su yi ba. Ku fahimce ni da kyau, ba na ganin laifin wanda ya ɓuya ko ya gudu a ranar, kuma wanda bai taɓa tsayawa gaban sanda ba ya daina cika baki. Abin da ya firgita ni daban ne. Da na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na laluba zuciyata ko akwai abin da zai ƙaryata bakina, ban samu ba. Maganar ta fito ba gargada domin ba abin da ya tare ta a ciki. Matiyu 10:33, inda Yesu ya yi magana a kan wanda ya yi musun saninsa a gaban mutane, da ita na ci kyautar sabulu ina ɗan shekara tara.

Alhajin da nake haya a gidansa, Allah ya saka masa, iyali biyu na Kirista ya ɓoye a cikin gida wajen matansa har ƙura ta lafa. Ɗansa ya ga abin da ya faru a kwanar nan, ya faɗa masa. Da dare ya kira ni zaure ya ce, "Yaro, ban ce ka je ka miƙa wuyanka ba. Amma ni na san abin da nake kai. Kai ka san naka?" Murya ta Alhaji ce, tambayar kuwa ta Iya ce sak.

Kuma ba ta nan balle in je in durƙusa mata. Na manta ban faɗa ba, a 1981 wata safiyar Lahadi, ba wa'azi ba taro, ta fito da tukwanen giyarta bayan gida ta farfasa, ta ɗaura zanenta mai kyau, ta zo ta zauna a layin mata. Da ƙafarta ta zo, kamar yadda ta ce. Dattawa suka sa ta ajin baftisma tare da jikokinta, ba ta ji kunya ba. Ta rasu a 1984. Ban taɓa ba ta haƙurin kwana ukun nan ba.

A daren na buɗe Ezekiyel 18, inda mutane ke cewa iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu, Ubangiji ya ce a daina wannan karin magana, kowa da nasa. Dā laifi kaɗai nake gani a wurin. Ranar na ga ashe adalcin uban ma nasa ne shi kaɗai. Na durƙusa a kan tabarma. Duk addu'ar da na taɓa yi kafin nan da muryar Baba nake yin ta, har yadda yake jan "ya Ubanmu". Wannan karon kalmomin suka ƙi zuwa. Abin da na iya faɗa shi ne, "Yesu, na ce ni ba naka ba ne, kuma gaskiya na faɗa. Yanzu ina so in zama naka." Ban ga haske ba, ban yi mafarki ba. Na dai san ni ne na faɗa.

Shi ya sa da babban ɗana ya isa ajin baftisma na je da kaina na roƙi fasto kada a duba fuskata, a tsare shi da tambaya kamar kowa. Aka ce ya jira shekara guda. Uwarsa ta yi sati ba ta yi mini magana mai daɗi ba, wai na kunyata yaro a gaban tsaransa. Har yanzu in maganar ta taso ba mu daidaita.

Mu koma 1987. Da hanya ta buɗe na hau mota zuwa gida. Na samu Baba yana gyaran danga, na faɗa masa komai, har da kalma biyun nan. Ya daɗe riƙe da igiya bai ce uffan ba. Sai da na ce ina so a sake yi mini baftisma ya ɗago kai, kuma daga nan rigimar da ta shiga tsakaninsa da fasto ta fara. Ita ce za mu ɗauka mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.