Ƙananan dalilan da ke mayar da 'yan Birtaniya gida daga Ostireliya

Na daɗe ina aikin jinya a wani asibiti a birnin Leeds da ke Ingila, har na zama ɗan ƙasar Birtaniya, kafin ni da maiɗakina mu kwashi yaranmu mu koma Perth, babban birnin jihar Yammacin Ostireliya. Abin da ya ja mu shi ne abin da ke jan ma'aikatan lafiya da yawa daga Ingila, wato albashi mai kauri da gida mai fili da ranar da ba ta ɓuya wata da watanni. Mun sauka a yankin Joondalup da ke arewacin birnin, inda 'yan Ingila suka yi yawan da za ka shiga kanti ka ji karin harshen Liverpool a layi ɗaya, na Newcastle a layi na biyu. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa fiye da mutum dubu 900 da aka haifa a Ingila suna zaune a Ostireliya.

Hanyar tsohuwa ce, kuma tun farko ana bin ta gaba da baya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an kafa tsarin da babban mutum zai biya fam 10 kacal a kai shi Ostireliya, yaransa kuma kyauta, bisa sharaɗin ya zauna shekara biyu ko ya biya kuɗin jirgin da aka kashe masa. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka tafi ta wannan ƙofa, kuma masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun koma gida.

A wuraren walimar bankwana na fara jin dalilan da masu komawa ke bayarwa, kuma da wuya ka ji wanda ya ambaci kuɗi ko aiki. Wata abokiyar aikina ta ce ba za ta iya sake yin Kirsimeti cikin tsananin zafi tana cin jatan lande mai sanyi a bakin teku ba, ita duhun Disamba take so da fitilu a tagogi. Wani magini maƙwabcinmu ya ce mashayar da ke kusa da shi sai da mota ake zuwa, kuma idan ya yi barkwanci sai ya tsaya ya yi bayaninsa. Akwai masu kukan cewa cakulan Cadbury na can ba ɗanɗanonsa ɗaya da na gida ba, da masu kewar abincin kantin Marks & Spencer, da masu cewa kifi da soyayyen dankali ba a iya shi ba sai a garinsu. Masu bin ƙwallo suna da nasu ƙorafin, domin wasan da ake takewa da ƙarfe uku na yamma a Ingila lokacin hunturu, ƙarfe sha ɗaya na dare ne a Perth. Wasu kuma doguwar yammacin bazara suke nema: a Leeds rana kan kai kusan tara da rabi na dare a watan Yuni kafin ta faɗi, alhali a Perth tana faɗuwa kafin bakwai da rabi ko a tsakiyar zafi, kuma mutanen jihar sun ƙi amincewa da matsar da agogo gaba da awa ɗaya lokacin zafi a ƙuri'ar raba gardama har sau huɗu, na ƙarshe a 2009.

'Yan Ostireliya sukan yi dariyar waɗannan dalilai, suna cewa Baturen Ingila ba ya rabuwa da ƙorafi. Ni ban ga abin dariya ba, kuma har yau ina ganin ana yi wa masu faɗarsu rashin adalci. Babban gida da albashi mai kyau abubuwa ne da mutum ke sabawa da su cikin 'yan watanni har ya daina ganinsu, amma ƙaramin abin da ya rasa kullum yana nan yana jiransa idan ya tashi daga aiki. Ba na shiga mashaya, amma na fahimci maginin nan sarai, domin a wurinsa mashayar unguwa tamkar majalisar ƙofar gida ce a wurinmu, inda za ka zauna ba tare da an gayyace ka ba, kuma idan aka kwana biyu ba a gan ka ba a aiko a ji lafiya. Ita kuwa abokiyar aikina, daga baya ta gaya mini cewa mahaifiyarta ta fara mantuwa, kuma tafiyar da ke tsakaninsu, ko a jirgin da ke tashi kai tsaye daga Perth zuwa Landan tun 2018, kusan awa 17 ce. Maganar Kirsimetin gaskiya ce, sai dai ita ce ɓangaren da ake iya faɗa a gaban jama'a ba tare da hawaye ba.

Mu ma daga baya mun dawo Ingila, kuma namu dalilan ba su fi nasu girma ba. A Leeds da ƙafa nake zuwa masallaci, mahaucin unguwa ya san irin naman da nake saye, maiɗakina kuma tana hawa bas ta je wurin ƙawayenta ba tare da ta jira na dawo da mota ba. Daga Ingila kuma bambancin agogonmu da Kano bai wuce awa ɗaya ba, a Perth kuwa awa bakwai ne, ta yadda idan mahaifiyata ta idar da sallar isha'i tana son hira, ni ina tsakiyar barci.

Babban abin da na koya shi ne a gwada dalilin kafin a sayar da gida. Mai kewar Ingila ya je ziyara a watan Fabrairu, lokacin da gari ke wayewa a makare, ruwa na zuba, abokai kuma kowa yana wurin aiki, domin ziyarar watan Yuli hutu ce da kowa ke yi maka hidima. Na san iyalan da suka koma suka tarar an mayar da mashayar unguwarsu gidajen haya, abokan kuma sun saba da rayuwa babu su, kamar yadda ake cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wasunsu sun sake ɗaure kaya zuwa Ostireliya, sun biya kuɗin kwantena da na jirgi har sau uku.

Akwai kuma lissafin da kewa ke hana mutum yi. Ɗan da zai shiga jami'a a Ingila yawanci sai ya yi shekara uku yana zaune a Birtaniya kafin a karɓi kuɗin makaranta daga gare shi a matsayin ɗan gida, ko da yana riƙe da fasfon ƙasar. Shekarar karatu a Ostireliya tana farawa a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, ta Ingila kuma a Satumba, saboda haka muka tsara dawowarmu a watan Agusta. Tarihin biyan bashi da ka gina a can ba ya biyo ka, kuma mun sha tambayoyi kafin mu samu hayar gida ba tare da takardar albashin Birtaniya ba. Tsofaffi kuma suna da wani dalili mai nauyi da ba su cika faɗa ba, shi ne fanshon gwamnatin Birtaniya ba a ƙara shi kowace shekara ga mazauna Ostireliya, yana tsayawa a inda aka fara biyansa, sai mutum ya dawo da zama gida ake daidaita masa shi.

Kafin mu taso mun jira har muka cika shekara huɗun da doka ta gindaya, muka karɓi takardar zama 'yan ƙasar Ostireliya, domin izinin shige da fice da ke tare da takardar zaman dindindin shekara biyar kawai yake yi. Ƙasashen biyu sun yarda mutum ya riƙe fasfo biyu, kuma yaranmu, waɗanda a can suka koyi iyo suka yi abokan ƙuruciya, suna da damar komawa su yi karatu ko aiki duk ranar da suka ga dama.