Koyar da Masu Kirci ta WhatsApp: Abin da Ya Yi Aiki

A zauren WhatsApp da nake koyar da masu kirci da iyayen yara masu fama da shi, na lura dogon rubutu ba ya samun mai karantawa. Saƙon murya na minti biyu, mai magana ɗaya tak, shi ake saurara har a tura wa dangi.

Darasin awo ne ya fi amfani. Yawancin masu cewa magani bai yi musu ba, ɗan gogawa suke yi don tsoro. Sai na ɗauki bidiyon yatsa: a matso maganin shafawa daga kan manuniya zuwa gaɓar farko. Wannan kusan rabin giram ne, kuma ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu na babba. Man laushin fata kuwa, irin basilin ko man kaɗanya, ba a tsimi da shi. Wanda kirci ya kama masa jiki sosai yakan ƙarar da giram 250 zuwa 500 a mako. A shafa da fitowa daga wanka, jiki da sauran danshi, a bi kwanciyar gashi, a kuma bar kamar rabin awa kafin a sa maganin. Da hunturu nakan maimaita: ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, a daina amfani da soso da sabulu mai ƙamshi.

Abin da ya fi damuna shi ne man kemis mai haɗi uku, wato man shafawa mai magani iri uku a haɗe. Da yawa na ɗauke da sinadari mai ƙarfi irin clobetasol. Ƙaiƙayi kan kwanta da sauri, amma bayan watanni fata ta yi siriri, nankarwa ta fito. In kuma makero ne tun farko, sai ya bazu ya canza kamanni. Shi ya sa duk wanda ya shigo nakan ce ya turo hoton jikin kwalin abin da yake shafawa.

Hoton fata ba ya shiga zaure, ni kaɗai ake turo wa, a hasken rana ba filasha, domin a baƙar fata kumburin kirci duhu ko toka-toka yake nunawa, ba ja ba. Duk da haka ba na yanke wa sabon ƙurji suna ta waya, ƙazuwa da kirci kan yi kama a hoto. Zazzaɓi, mugunya, ko ƙananan bororo masu zafi da ke yaɗuwa, asibiti ne a ranar.

Saƙon da aka fi roƙo in sake turowa shi ne mai bayanin cewa ba a ɗaukar kirci. Mata na kunna wa mazajensu, iyaye na kunna wa malaman makaranta.