Yini guda a Malta: ƙafa ta ji jiki

Talata. Bayan sallar asuba ban koma barci ba, domin tun jiya ma'aikatan jirgin ruwanmu suke ta sanarwa cewa shigar tashar Valletta, babban birnin tsibirin Malta, ba abin da mutum zai bari ya wuce shi ba ne. Da gaskiyarsu. Jirginmu, da duk girmansa, ya sulala tsakanin ganuwa biyu na dutse ruwan zuma, gidaje a kansu bene bisa bene. Malam ya tsaya riƙe da kofin shayi har ya huce bai kurɓa ba.

Mun sauka a gaban wasu tsofaffin ɗakunan ajiya da aka gina a 1752, yanzu an mayar da su gidajen abinci, ƙofofinsu ja da shuɗi da rawaya. Birnin yana can bisa tsauni. Allah ya taimake ni akwai lif da ke ɗaga mutum mita 58 ya dire shi a lambun Upper Barrakka, in ba haka ba da gwiwoyina sun yi yaji tun ba a fara ba.

'Yar jagorarmu dattijuwa ce, ga sauri ga baki. Ta raba mana 'yan na'urorin saƙala wa kunne, ta ɗaga lema ja, muka bi ta. Daga lambun ta nuna mana hayin ruwa, inda ganuwar Saint Angelo take, ta ɗauko tarihi. Baraden ƙungiyar Kiristoci ta Saint John ne suka gina Valletta. Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ta Turkawa ya kore su daga tsibirin Rhodes a 1522, sai sarkin Sifen ya ba su Malta a 1530, haya kuwa shaho ɗaya duk shekara. A 1565 rundunar Sulaiman ta biyo su, aka yi kusan wata huɗu ana gwabzawa, daga Mayu zuwa Satumba, Turkawa suka janye. Shekara na zagayowa shugaban baraden, Jean de Valette, ya aza harsashin birnin da ke ɗauke da sunansa.

Matar ta iya ba da labari, amma gefe ɗaya take ja. Ta faɗi yadda Turkawa, bayan sun ci ganuwar Saint Elmo, suka ɗaure gawarwakin barade a kan gungume suka sako su ruwa. Nan ta tsaya, Turawan da ke cikinmu suna girgiza kai. Malam, da ya yi shekaru yana koyar da tarihi, ya sunkuyo ya ce, "Hajiya, ta bar rabin." Ya ɗaga hannu ya tambaye ta abin da de Valette ya yi wa fursunonin da ke hannunsa. Ta yi 'yar dariya ta amsa: ya sa an fille musu kai, aka ɗura kawunan a igwa aka harba wa sansanin Turkawa. Daga nan ta saki jiki, har ta ƙara da cewa bayi ne, akasarinsu Musulmi, ke tuƙa jiragen yaƙin baraden, kuma a cikin birnin nan aka yi musu kurkuku. Ban ga laifinta ba, garinta ne. Amma da Malam bai tanka ba haka za mu tafi.

Titunan a miƙe suke ɗoɗar, sai dai hawa da gangara, kowanne ka leƙa ƙarshensa teku. Barandar katako a rufe ruf manne da kowane gida, galibi koraye. Motoci ta hagu suke bi, gadon Ingila da ta riƙe tsibirin har 1964. Malam ya ce haka muke tuƙi a Najeriya kafin 1972, yana ɗan makaranta aka sauya.

Inda na daɗe shi ne babbar majami'ar Saint John. Daga waje ba ta da wani kyan gani, kai ka ce barikin soja ne. Ciki kuwa zinariya har rufi. A bakin ƙofa ana miƙa wa matan da suka zo kafaɗa a waje mayafi su yafa, ni da gyalena aka ce in wuce. An hana takalmi mai tsini, saboda daɓen gaba ɗaya kaburbura ne, kusan 400, kowanne an rufe shi da marmara kala-kala, da sunan mai shi da tambarin gidansu, wasu har da hoton ƙwarangwal. Na rasa inda zan sa ƙafa. Mu da aka hore mu kada mu taka kabari, ga shi mun biya kuɗi muna takawa. Na bi gefe-gefe iya yadda zan iya.

A wani ɗaki na ciki akwai zanen Caravaggio, wani mai zane ɗan Italiya, na 1608, na kisan Annabi Yahaya (AS). Shi kaɗai ne zanen da mutumin ya sa wa hannu, kuma cikin jinin da ke kwarara ya rubuta sunansa. Shi ma mai zanen kisa ya yi a Roma ya gudo nan, bai daɗe ba aka kulle shi a Saint Angelo, ya tsere. Na ga gwaninta, ba musu, amma zuciyata ba ta kwanta da kallon hoton Annabi ba. Na fito na bar Malam.

Sha biyu daidai muka koma lambun aka harba igwa, kamar yadda suke yi da tsakar rana. Duk da an gargaɗe mu sai da na yi salati da ƙarfi.

Aka ba mu awa ɗaya kowa ya nemi abinci. Abin da kowa ke saye a titi shi ne pastizzi, fulawa mai ɓawo-ɓawo da cuku ko dakakken koren wake a ciki. Ina tsaye ina ce wa Malam ya tambaya ko da kitsen alade suke yi, sai na ji daga bayana an ce, "Mama, sannunku da zuwa." Wani saurayi ne da rigar aiki, yana sauke katan-katan na lemo daga mota. Ya ɗan rusuna ya gaishe mu. Mutumin Damagaram ne. Ya nuna mana shagon da shi yake saye, ya ce a can ya tambaya, ba alade. Ya ce masallaci yana Paola, hayin ruwa, can suke Juma'a, sai dai lokacinmu ba zai kai ba.

Malam ya ce, "Ɗana, ta ina ka shigo?" Ya ce ta Agadez, sai Libiya, sai kwalekwalen roba. Bai ƙara ba, mu ma ba mu tona ba. Ya tambayi a wane jirgi muka zo, na nuna masa shi can ƙasa, fari fat, ana hango wurin wanka a samansa. Ya ce, "Mama, wannan ai gari ne." Sai na ji nauyin nunawar da na yi. Ya ƙi karɓar komai, sai ma shi ya miƙo mana Kinnie biyu, lemonsu mai ɗaci-ɗaci. Muka sa masa albarka, direbansa ya yi hon, ya ruga.

Wasu sun hau bas zuwa Mdina, tsohon babban birnin tun kafin zamanin Larabawan da suka ci tsibirin a 870. Mu ba mu je ba. An ce kowa ya kasance cikin jirgi ƙarfe huɗu da rabi, kuma ba a jiran wanda ya makara, sai dai ya nemi hanyarsa zuwa tasha ta gaba da kuɗinsa. Wannan ne abin da ke ba ni haushi da irin wannan tafiya: ido yana kan gari, hankali yana kan agogo. Valletta ma kanta ba mu gama ba.

Mun haɗa azahar da la'asar a ɗaki. Yanzu ƙafafuna na cikin ruwan ɗumi, Malam yana ta minshari. Gobe Sisili, kuma na riga na gaya masa duk inda aka ce akwai tsauni, a mota zai same ni.