Jirgi agogo uku gare shi

Shekarata ta farko a kujerar dama, wato ta mataimakin matuƙin jirgin sama, ban ɗauki littafin lafiyar jirgi da wani muhimmanci ba. In buɗe shafin ƙarshe, in ga sa hannun injiniya da hatiminsa, in miƙa wa kyaftin. A ganina, lissafin ranar duba jirgi aikin 'yan ofis ne da kwamfutarsu.

Wata asuba a Kano hazo ya tsare mu, muna zaune muna jira gari ya washe. Kyaftin ɗin, dattijo ne marar yawan magana, ya ɗora mini littafin a cinya.

"Ɗana, awa nawa ya rage a shigar da jirgin nan duba?"

"Ranka ya daɗe, ai an sa hannu."

"Ba sa hannu na tambaye ka ba."

Na yi ta juya shafi, gumi na keto mini duk da sanyin hunturu. Awa uku da 'yan mintoci suka rage, mu kuwa sawu huɗu ne a gabanmu. An canza wa jirgin jadawali da daddare, ba wanda ya sake lissafi. Da mun bi jadawalin, wa'adin zai cika muna wani gari inda babu injiniyan da ke da izinin sa mana hannu. Zuwa ɗaya da dawowa muka yi, aka ajiye shi. Fasinjojin rana sun zage mu tas.

Ranar na gane cewa agogo uku ke bin jirgi: awoyin da ya yi a sama, yawan tashi da saukarsa, da kwanakin kalanda. Wanda ya riga cika shi ke da magana. Na biyun ne aka fi mantawa, alhali kowane tashi sai gangar jikin ta kumbura da matsin iska, ta saki in an sauko, kamar wayar da ake lanƙwasawa ana miƙewa. Jirgin Boeing 737 na kamfanin Aloha da rufinsa ya yaye a sararin tsibiran Hawai na Amurka a watan Afrilun 1988, awoyinsa wajen 35,000 ne kawai, amma ya tashi ya sauka kusan sau 90,000, don tsakanin tsibirai yake zirga-zirga. Ma'aikaciya ɗaya ta rasu.

Sai kuma gyaran da doka ta yarda a ɗage, wanda agogon kalanda ke bi, an kasa shi rukuni-rukuni. Rukunin B kwana 3 ne, C kwana 10, D kwana 120. Kalanda ba ruwanta da jirgi ya tashi ko yana ajiye, ƙarfe goma sha biyun dare na yi kwana ya tafi.

Yanzu ni ne a kujerar hagu, ta kyaftin. Kafin in taɓa ko maɓalli ɗaya, nakan kwafe lambobin nan uku a 'yar takarda in maƙale ta a gabana. Mataimakana sun san tambayar tana zuwa, wasu tun a cikin bas suke haddace amsa.