Kwana 40 da agogon ƙanina a hannuna

Agogo ɗaya na san mahaifinmu da shi, Allah ya jiƙansa, tun ina yaro har ya bar duniya. Seiko 5 ne mai farin ƙarfe, da shi ya dawo daga aikin Hajji. Ba ya cin batir, motsin hannu ne yake tafiyar da shi. In ya ajiye shi kwana biyu ya tsaya, sai ya ɗan kaɗa shi, ya jira a fara labaran rediyo ya saita. Da aka yi rabon gado ni ya faɗo wa, kuma har yau yana aiki. Shi ya sa lokacin da agogunan zamani suka cika gari, waɗanda ake haɗawa da waya, suna ƙirga taku suna nuna saƙo, ban ɗauke su a bakin komai ba. A wurina aikin agogo faɗin lokaci, kuma ina da mai faɗa mini.

Ni tela ne. Shekarata 19 a kan keke, ina da shago da yara huɗu masu koyo. Ana saura mako guda a kama azumin bara ƙanina da yake aiki a Abuja ya zo gida, ya sauya agogo, tsohon yana cikin jakarsa. Ya miƙo mini ya ce, "Yaya, riƙe wannan zuwa bayan Sallah. In ya yi maka ka sayi naka, in bai yi ba ka huta da tunani." Shi ya haɗa mini shi da wayata ta Bluetooth, ya sauke manhajarsa, ya ba ni igiyar cajinsa mai maganaɗisu, ya ja kunnena kada ta ɓata, domin cajar waya ba ta yi masa.

Abin da ya fara burge ni ba ya ma cikin abubuwan da ake tallata shi da su. Wanda ya taɓa shiga shagon tela a watan azumi ya san ƙarar da ke ciki: janareta a ƙofa, kekuna uku suna gudu, injin surfani yana nasa, ga rediyo ana tafsiri. Wayata kullum tana can kan kanta a jikin caji, ko a aljihun rigar da na rataye. Sai dare in duba in ga kira goma sha, a ciki har da na Hajiyarmu. Ba sau ɗaya ba mai kaya ya yi fushi ya ce na ƙi ɗaga masa waya saboda ban gama ɗinkinsa ba, alhali wallahi ban ji ba. Da agogon nan a hannu, ana kira sai ya ɗan girgiza, in kalli tsintsiyar hannuna in ga sunan mai kira ba tare da na ɗaga ƙafa daga keke ba. In Hajiya ce in tashi, in mai kawo zare ne ya jira. Sharaɗin kawai wayar ta kasance kusa, domin haɗin Bluetooth ba ya nisa, kamar mita 10 ne, in da bango a tsakani ma bai kai ba. A cikin shago wannan ya ishe ni.

Haka tashin sahur. Muna da jaririya a lokacin, ƙararrawar waya tana tayar da ita, in ta tashi kuma uwar ba ta sake runtsawa. Agogon yana girgiza a hannuna ni kaɗai, in tashi a hankali. Wannan ƙaramin abu ne, amma maiɗakina ta fi yaba shi a kan komai.

Sai dai kwanakin farko na sha wuya, domin duk saƙon da ya shigo WhatsApp sai ya taɓa ni: zauren 'yan'uwa, zauren ƙungiyar teloli, zauren tsofaffin ɗalibai. Ranar da abin ya dame ni ƙwarai ina sahu a sallar tarawi, hannuna ya riƙa girgiza yana haske, na rasa inda liman yake a karatu. Na koma gida raina a ɓace. Waya ina iya barin ta a shago in tafi masallaci, amma abin da yake ɗaure a jikina tare muke shiga sahu. A daren na kashe komai na bar kira kawai, na kuma koyi yadda ake sa shi ya yi shiru gaba ɗaya kafin in tayar da kabbara. Duk wanda zai sayi irin agogon nan, ya fara da wannan tun ranar farko.

Batun ƙirga taku kuwa da farko ya ruɗe ni. Ranar da na wuni ina guga da yanka, da yamma agogon ya nuna na yi taku dubbai, ni kuwa na san ban fita daga shago ba sai don alwala. Ƙanina ya bayyana mini cewa ba ƙafa yake gani ba. Akwai wata 'yar na'ura a cikinsa mai jin motsi, ita take lura da yadda hannu yake kai da komo, sai ta kintata cewa tafiya ce. Mai guga, mai daka, wanda ya hau adaidaita-sahu a kan hanya mai ramuka, duk yana iya samun takun da bai yi ba. Da na mayar da shi hannun hagu, wanda ba na riƙe dutsen guga da shi, sai lissafin ya matso kusa da gaskiya, gaskiyar kuma ba ta yi mini daɗi ba. A ranar ɗinki zalla ko taku 2,000 ba na cikawa. Na san sana'ata ta zama ce, na san ciwon bayan da nake kwana da shi, amma ban taɓa ganin abin a rubuce da lamba ba.

Agogon yana so kullum in kai taku 10,000. Daga baya na gane wannan adadi ba daga asibiti ya samo asali ba. Wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ne ya fito da na'urar ƙirga taku a 1965, ya sa mata suna mai ma'anar "ma'aunin taku dubu goma", adadin ya bi duniya. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba manya shawara shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da ɗan sauri. Da na raba shi sai na ga bai fi ƙarfina ba. Daga gidanmu a Gwammaja zuwa shago tafiyar minti 25 ce. Na daina hawa adaidaita da safe. Da azumi ban iya kullum ba, amma bayan Sallah na riƙe, har yanzu kuma ina kai.

Awon barci bai ƙara mini komai ba. A goman ƙarshe tela ba ya barci, agogon ya ce ba na barci. Na riga na sani.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne maganar lafiya, domin can ƙasan raina ba don kaina nake sha'awar agogon ba. Hajiya tana da hawan jini shekaru da yawa. Duk lokacin da ta ce kanta yana sarawa sai a nemi mai kai ta kemis a gwada, wani lokaci cikin dare. Ɗaya daga cikin yarana na shago ya sayo wani agogo mai araha, kwalinsa cike da alƙawari: bugun zuciya, hawan jini, har sukari. Ya ce, "Maigida, irin wannan ya kamata ka saya wa Hajiya, komai yana gwadawa." Na ji maganar ta shige ni. Na yi ta hasashen ta zauna a ɗakinta ta duba hannunta ta san halin da take ciki, ba allura, ba fita.

Allah ya sa na fara tuntuɓar ƙanwata, ma'aikaciyar jinya ce. Ta zo shago ta ce, "Yaya, ba ni agogon." Ta ɗauko ragowar shadda ta naɗe ta, ta ɗaura mata agogon, ta danna awon jini. Bayan 'yan daƙiƙu ya fito da lamba mai kyau, irin ta lafiyayyen saurayi. Shadda ce fa. Jikina ya yi sanyi, domin na hango Hajiya jininta ya hau, agogo yana ce mata lafiya lau, ta ajiye maganinta. Yaron da ya sayo shi ma ya yi shiru, kuɗin aikinsa na makonni ne ya zuba a ciki. Araha ba ta ado, amma a nan abin ya wuce ado, ran mutum ake magana.

Ita ta yi mana bayanin koren hasken da yake walƙiya a bayan agogo. Jini yana shanye koren haske, to duk bugun da zuciya ta yi jinin da ke ƙarƙashin fata yana ƙaruwa ya ragu, na'urar tana auna hasken da ya dawo ta ƙirga bugun. Agogo na kirki yana iya wannan daidai gwargwado, musamman in mutum yana zaune kuma an ɗaure shi da kyau. Amma ƙirga bugu daban, auna ƙarfin jini daban. Na sukari kuwa, a watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fito ta gargaɗi mutane kada su dogara da agogo ko zoben da yake iƙirarin auna sukari ba tare da huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Ina so masu ciwon sukari da 'ya'yansu su ji wannan, domin irin waɗannan agogunan suna nan birjik a kasuwa da intanet, kuma masu sayen ba su da laifi, neman sauƙi suke yi wa iyayensu.

Ba na cewa duka ƙarya ne. Tun 2018 Apple ya sa wa agogonsa awon zuciya na ECG, wanda yake iya nuna alamar bugun da ya rikice, kuma hukumar ta Amurka ta ba shi izini. Samsung ma yana da irinsa. Amma kamfanin Apple da kansa yana faɗa cewa agogon ba ya gano bugun zuciyar nan mai kisa farat ɗaya, kuma ba ya maye gurbin likita. Sannan ba ya aiki sai da iPhone. Ga wanda likita ya ce zuciyarsa tana da matsala, kuma yana da hali, wannan magana ce tsakaninsa da likitansa. Ciwon Hajiya ba shi ba ne, aljihuna ma bai kai can ba.

Sai caji. Wanda ƙanina ya ara mini kwana ɗaya da rabi yake yi, ranar da aka yi kira da yawa bai kaiwa. A unguwar da wuta take zuwa ta tafi yadda ta ga dama, wannan ƙarin nauyi ne: waya, fitila, fanka mai caji, yanzu ga agogo. Sau biyu ya mutu mini da rana, na kalli hannuna na ga baƙin gilashi, ko lokacin ma babu. Ƙaramin Casio F-91W da ake sayarwa tun 1989, wanda yawancinmu muka ɗaura a sakandare, batirinsa kusan shekara 7 yake yi. Na Baba ko batirin babu, in ya samu matsala akwai dattijon da yake buɗe shi ya wanke ya sa masa mai. Na zamani kuwa batirinsa a manne yake a ciki, yana raguwa da shekaru kamar na waya, wata rana kuma manhajarsa ta daina karɓar sa. Duk tsadarsa, ba abin da mutum zai bar wa ɗansa ba ne.

Alwala ma sai da na saba. An rubuta ruwa ba ya shigarsa, kuma bai shiga ba, amma ni hankalina ba ya kwanciya sai na cire shi ruwa ya taɓa ko'ina, sau biyar a rana. Ga zafin bazara, gumi yana taruwa ƙarƙashin robar har fata ta yi ƙaiƙayi in ba a goge ba.

Bayan Sallah da kwana uku, kafin ƙanina ya koma, na zauna na rubuta a bayan littafin awo abin da zan yi kewarsa in na mayar. Abu uku na samu: kira a cikin ƙarar shago, tashi ba tare da na tayar da gida ba, da lambar nan da take tuna mini na daɗe a zaune. Sauran duka, taswira, kiɗa, amsa saƙo, sauya fuskar agogo, ban taɓa su ba bayan makon farko. Abubuwa ukun nan kuwa ba sa buƙatar babban agogo. Akwai sirara masu kama da munduwa, irin waɗanda Xiaomi ya fara fitarwa a 2014, Huawei da Oraimo ma suna da ƙanana masu sauƙin kuɗi, cajinsu yana kai mako ko fiye saboda ba su da yawan aiki.

Na mayar masa da nasa na yi godiya. Ya ce, "Yaya, bai yi maka ba ke nan?" Na ce ya yi, ya nuna mini abin da nake buƙata. Kuɗin da na ware na raba shi biyu. Da ƙaramin kason na sayi siririn, na kashe masa duk saƙonni tun a wurin mai sayarwa. Da babban kason ƙanwata ta raka ni muka sayo na'urar awon hawan jini ta dantse, mai ɗamara, irin wadda take hura iska ta matse hannu. Ta koya wa jikar Hajiya da take kwana a ɗakinta yadda ake ɗaurawa, da cewa a bar ta ta zauna ta huta minti 5 kafin a gwada. Akwai ɗan littafi a gefen gadon, safe da yamma ake rubuta lamba da kwanan wata, ranar asibiti a tafi da shi. Zuwan da suka yi na ƙarshe likita ya duba shafukan ya sauya mata lokacin shan ƙwaya ɗaya.

Siririn yana hannuna daga Asabar zuwa Alhamis. Ranar Juma'a ina cire shi in sa a caji, in ɗauko Seikon Baba daga cikin akwati, in kaɗa shi har allurarsa ta motsa, in saita shi, in tafi masallaci.