Amsar tambayarku kan 'ya'yan itacen nan biyu, daga Finlan

Assalamu alaikum mutanen gida, na Ringim da ƙauyukanmu na kewaye. Ina gaida Inna da Baffa da kowa da kowa, ya aikin gona. Tun da na sa hoton 'ya'yan itacen nan biyu a WhatsApp tambaya ɗaya ake ta jefo min, wai tumatir ne, ɗayan kuma mene ne, wanne ya fi amfani a jiki. Bari in amsa gaba ɗaya, in da hali in taɓa maganar takardun zama da Yaya ya tambaya.

Mai kama da tumatir ɗin fasimon ne, wasu su ce kaki. Asalinsa ƙasar Sin, amma wanda muke saya a nan yawanci daga Sipaniya yake zuwa, yankin Balensiya, yana cika shaguna daga Oktoba zuwa Disamba. Kuma ɗan uwan kanyarmu ne, dangi ɗaya suke a wajen masana tsirrai. Wanda ya taɓa cin ɗanyar kanya ya san baurin nan mai kama harshe, to ɗanyen fasimon ma haka yake, shi ya sa manoman Sipaniya ke rufe shi a ɗaki su sakar masa iskar kabon har baurin ya fita kafin a loda shi mota. Zaƙi kam akwai. A giram 100 za a samu suga wajen giram 12, fiba mai sauƙaƙa bayan gida wajen giram 3 da rabi, ga sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A mai taimakon ido, amma bitamin C ɗinsa kaɗan ne, bai kai miligiram 10 ba. Baffa, kai da ke fama da ciwon suga, ko wani ya kawo maka tsarabarsa rabi ya ishe ka. Sannan likitoci na gargaɗi kan yawan cin ɗanyensa da wofin ciki, yana iya dunƙulewa a ciki ya yi tauri har a kai ga aikin tiyata.

Ɗayan, ƙaramin mai ruwan zuma, shi ne ya sa na zauna rubutun nan. A arewacin Finlan hilla suke ce masa, da Turanci cloudberry. Kusan duk wanda ake ci na daji ne, a fadamu masu sanyi yake fitowa, tsiron ko gwiwa bai kai ba, kuma kowane kara ɗa ɗaya tak yake yi, akwai namiji akwai mace, macen ce kawai ke haihuwa. Yana ja tun yana ɗanye, sai ya nuna ya koma rawaya. In sanyi ya buge furen a watan Yuni shi kenan shekarar ta tafi. Lokacinsa ɗan kaɗan ne, ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta.

Na bi maƙwabtana tsinka, kuma wallahi sauron fadamar nan sai wanda ya gani. Ni da na taso kusa da kogi na ɗauka na san sauro, amma nan da rana tsaka suke taso maka gungu guda, ga rana ba ta faɗuwa sosai a lokacin balle ka ce za su huta, sai ka sa raga a fuska, riga mai kauri cikin gumi, dogon takalmin roba, ƙasa tana lotsawa ruwan sanyi yana neman shiga, kana sunkuye kana tsinkar ɗaya ɗaya, ka yi tafiya mai nisa gindin bokiti bai rufe ba. Sauƙin abin dai sauron nan ba ya sa zazzaɓin cizon sauro. A haka za ka ga tsohuwa mai jikoki ta riga ka shiga, kuma ba za ta taɓa faɗa maka inda fadamarta take ba, sirri ne na gida. Dokar ƙasar ta ba kowa damar shiga daji ya tsinka ko filin ba nasa ba ne, har daga Tailan ake zuwa aikin tsinkar 'ya'yan daji da bazararsu. Hoton hilla ne ma a bayan tsabar Yuro biyu ta Finlan, ku ga irin darajar da suka ba shi.

A jiki kuwa ya bar fasimon baya wajen bitamin C, yakan ninka na lemon zaƙi, suga kuma kaɗan, ɗan tsami tsami gare shi. Mutanen da can da shi suke kare kansu daga ciwon nan mai sa dasashi zubar jini a dogon hunturu, don yana daɗewa bai lalace ba. Yanzu jam suke yi da shi su ci da gasasshen cuku, ko su zuba a firiza. Jam ɗin dai suga ne ya yi masa yawa.

Don haka in ƙarfi da zaƙi kake nema fasimon, in bitamin C ne hilla. Amma ni abin da ya tsaya min a rai kanyar bakin gonar Baffa ce da na ji ana maganar sayar wa masu gawayi. Don Allah Baffa a dakata. A nan na ga garin 'ya'yan kuka, wanda muke kwalba da nono da shi, a ƙaramin leda a shagon kayan lafiya da tsada, shi ma saboda bitamin C ɗinsa. Inna, in yara sun kawo magarya da ɗinya da goruba a bar su su ci, a dai wanke.

Maganar takardu kuma Yaya, layi ne da jira, kuma kar ka ba kowa kuɗi da sunan zai samo maka biza. Zan kira ka ranar Juma'a bayan an sauko mu yi ta a tsanake.